Wankan Awusun Mbarka

Shafi na 19

Ku da kuka cika min akwatin saƙo jiya kuna cewa in sassauta wa Munzir, tunda dai ga shi ya zo da ƙafarsa ya ɗauki uwarsa, na ji ku. Ni ma na so in sassauta masa. Ku karanta ku gani ko ya bar min hanya.

*

Sai da hantsi ya yi sosai Munzir ya sauko daga ɗakinsa na otal, wayarsa ta yi zafi a hannu. Wasu iyali ne cikin waɗanda kamfaninsa ya tura hutu Bali jirgi ya tashi ya bar su, kuma asubahin Mahadiya, inda otal ɗin yake, tsakar rana ce a can. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya samo musu wani jirgin. Yana taka matattakala yana jin kansa namiji.

Bakin tekun otal ɗin irin wanda yake tallatawa ne a bidiyoyinsa. An share rairayin tas da manjagara, lemomin kaba a jere, ruwan bai wuce gwiwar yaro ba sai an yi nisa, ga igiya an ja don kada yara su ƙetare. Munzir ya je Zanzibar, ya je Antaliya, ya je tsibiran da ko sunansu mutanen garinsu ba su iya faɗa ba, kuma duk inda ya je maganarsa ɗaya ce: “Ku kawo 'ya'yanku, ku kawo iyayenku.” Da ya tashi kawo tasa uwar, ya zaɓo mata wurin da ya fi kowanne kyau a duk gaɓar.

Ya hango ta a ƙarƙashin lema ta ƙarshe. Mbarka tana zaune a bakin doguwar kujera, ta ƙi kwanciya a kai, ta naɗe jikinta da farin mayafinta na safsari, tsohon kwandon kaba a kan cinya. Ba teku take kallo ba, ƙofar otal take kallo. Kusa da ita yayarsa Najiba ce, wadda ke zaune da uwar tasu a gidansu na Kusur Essaf, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

“Sannu da aiki, mai ceton mutanen Bali,” in ji Najiba.

“Yaya, don Allah kada ki fara.”

Ya durƙusa a gaban uwarsa.

“Ummi, na gama. Taso mu shiga.”

Mbarka ta dube shi, fuskarta ta washe.

“Auta. Ka karya kuwa?”

“Zan karya. Taso tukuna, ga ruwa nan lumui.”

Ta waiwaya ta leƙa ruwan kaɗan, kamar mai leƙa tukunyar maƙwabta, ta girgiza kai.

“Wannan ba tekunmu ba ne.”

Munzir ya yi dariya. “Ummi, teku ai ɗaya ne. Da nan da namu na Salakta duk ruwa ɗaya ne.”

“Namu yana da dutse,” in ji ta.

Daga nan ta mayar da ido kan kwandonta, ta shiga shafa hannun kwandon a hankali.

Najiba ta miƙe. “Zo nan.”

“Ki faɗa a nan mana.”

“Na ce ka zo.”

Shekarunsa arba'in da 'yan kai, yana da ma'aikata, yana da furfura a gemu, amma idan Najiba ta yi wannan muryar ƙafafunsa ba sa shawara da shi. Ya bi ta har gindin wata dabino, inda suke iya ganin tsohuwar amma ita ba ta jin su.

“Ka san tun yaushe ta shirya?”

“Na sani, ta ƙwanƙwasa min ƙofa.”

“Ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ka buɗe, waya a kunne, ka ɗaga mata yatsa. Yatsa, Munzir! Uwar da ta haife ka.”

“Cewa na yi ta ɗan jira ni.”

“Ta jira kuwa. A tsaye a bakin ƙofarka, da sandarta da kwandonta. Na kawo mata kujera ta ƙi zama, wai kada ka fito ka ga kamar ta fasa. Sai da ƙafafunta suka fara rawa na janyo ta.”

“Mutane ne da ƙananan yara a filin jirgi, Yaya. In bar su?”

“A'a, ina! Ka bar ta gida dai, ita ta saba.”

Ya shafa fuska. “To ba ga ni ba yanzu? Me ya ɓaci? Ruwan ya ƙafe ne?”

“Wankan Awusu da sanyin safiya ake yi, ko jinjirin Salakta ya san wannan. Kuma a lissafin tsofaffi yau kwanakin Awusun, na tsananin zafi, suke ƙarewa. Duk zafin nan ba ka samu rana ba sai ta ƙarshe, ta ƙarshen ma ka ba mutanen Bali safiyarta.”

“Ki daina mayar da abin kamar farilla. Al'ada ce kawai, a shiga teku don a samu sauƙin ciwon gaɓoɓi in sanyi ya zo. Kuma ba ta taɓa rasawa ba, ai ke kina kai ta kowace shekara.”

Najiba ta sauke hannuwanta daga ƙirji.

“Me ka ce?”

“Na ce kina kai ta. Na gode, Allah ya saka. Bana na ce bari in karɓe ki.”

“Wa ya ce maka ni nake kai ta?”

“Ita mana. Duk shekara in na kira in ba ta haƙuri, sai ta ce kada in damu, Najiba ta kai ta, ta yi wankanta, har ta fi jin daɗi don mata sun fi sanin lallaɓa tsohuwa.”

Najiba ta yi wata dariya marar daɗin ji, ta dafa jikin dabinon.

“Allah sarki, Ummi. Ashe har da kai ta haɗa.”

“Ban gane ba.”

“Mu kuma ce mana take yi kai ne.”

Munzir ya tsaya yana kallon bakinta.

“Tun shekarar da ka buɗe kamfanin nan,” in ji Najiba, “duk Awusu sai ta tashi da asuba ta sa tsohuwar rigarta ta shiga ruwa, ta ɗauki kwandon nan, ta bi lungu tana gaisawa da maƙwabta. Ina zuwa, Hajja? Auta ne ya zo daga Tunis zai kai ni wanka, yana jira a bakin titi, motarsa ba ta shiga lungunmu. Da azahar ta dawo da bambaluni, fanken bakin teku, a takarda, ta raba wa yaran unguwa, ta ce kai ka saya musu.”

“Ni ban...”

“Na sani. Yanzu na sani. Da can kuwa haushinka nake ji, in ce wane irin ƙane ne wannan, zai zo har bakin titi ya kasa tako lungu ya gaishe ni? Kai ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa nake amsa maka waya a daƙile ba?”

“Na ɗauka halinki ne.”

“Halin uwaka!” Ta kama bakinta, ta waiwayi tsohuwar, ta rage murya. “Astagfirullah. Ka ga abin da kake sa ni faɗa.”

“To ina take zuwa?”

“Salakta. Motar haya take hawa ita kaɗai.”

“Ita kaɗai take shiga teku? Ummi?”

“Ka ji ka! Matar da ko a baho aka cika mata ruwa sai ta riƙe gefe? Ba ta shiga.”

Najiba ta goge hancinta da bakin ɗankwali.

“Wanki ne ya tona ta. Ni ke wanke rigar in ta dawo, sai na lura bakinta kawai ke jiƙewa, sama a bushe ƙamas. In zo taje mata kai, babu rairayi ko ƙwaya ɗaya. Wanda ya shiga tekun Salakta ai sai ya kwana biyu yana fitar da rairayi daga kunne. Shi ne wata shekara na bi bayanta.”

Wayar Munzir ta yi ƙara a aljihu, ya danne ta ta cikin wando.

“Na same ta a gindin dutsen nan namu. A zaune. Kowa ya zo da tsohuwarsa, ɗa ya riƙe wannan hannu, jika ya riƙe wancan, ana shiga da su ana ihu ana dariya. Ita kuwa an tara mata jakunkunan mutane tana gadi. Wata ma ta ɗora mata jariri a cinya ta tafi iyo. Haka ta zauna har rana ta take. Da za ta tashi sai ta lallaɓa bakin ruwa, ta tsoma ɗankwalinta, ta matse a ka, ta jiƙa bakin riga. Ta je ta sayi bambaluni.”

“Me ya sa ba ki shigar da ita ba?” in ji Munzir. “Kina tsaye kina kallo, me ya hana ki?”

“Kai har kana da bakin tambayata? Na je. Na ce Ummi, taso in riƙe ki, ni ma ai ke kika haife ni. Ka san me ta ce?”

Ya girgiza kai.

“Ta ce, Najiba, ke kina yi min komai. Ke ce wanka, ke ce girki, ke ce asibiti. Wannan ɗaya ne ya rage masa. In kika karɓe shi, me zai dawo da shi gida?”

Munzir ya nemi wurin zama bai samu ba, ya jingina da dabinon.

“Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba, wai kana da aiki, kada a ɗora maka nauyi. Na riƙe rantsuwar har yau. Zan yi kaffara, na ji na gani.”

“Da kin faɗa min, wallahi da na zo.”

“Da ka zo? Kowace shekara da bakinta take roƙonka. Me kake cewa? Ummi, Agusta ce kakar kasuwarmu, baɗi in Allah ya yarda. Sai ka turo mata hoton wani bakin teku na ƙarshen duniya. Tana sa ni in kunna mata bidiyoyinka, ka sani? Kana tsaye a farin rairayi da hular kaba kana cewa ku kawo iyayenku. Ta ce in ƙara kunnawa. Ta ce ji yadda Auta ya iya magana.”

“Ya isa, Yaya.”

“Bai isa ba. Saura ɗaya.”

Ta matso kusa da shi.

“Ka tuna bayan azumi na kira ka na ce Ummi tana mantuwa?”

“Na ce ki kai ta wurin likita. Na turo...”

“Ka ce tsufa ne. Na kai ta. Ba tsufa ba ne kawai. Hankalinta da safe yake zuwa, Munzir. Ta tashi garau, ta yi sallarta, ta san kowa, har tsiya take yi min a kan gishirin miya. Rana na ɗagawa sai ya fara janyewa. Kafin azahar wani lokaci tambayata take yi ko ni sabuwar maƙwabciya ce.”

“Ke?”

“Ni. Ni da nake kwana a ƙafafunta. Ni ta fara mantawa.” Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. “Kai kuwa da kake leƙo mu daga salla sai salla, sunanka bai taɓa ɓace mata ba. Auta, Auta, har cikin barci. Wallahi akwai ranar da na tsane ka saboda wannan, Allah ya yafe min.”

“Likitan me ya ce?”

“Ya ce safiyar ma raguwa za ta yi ta yi. Ya ce duk abin da muke so mu yi da ita tana sane, mu yi shi bana.”

Munzir ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta wuce saman otal ɗin, inuwar dabinon ta tattaro ta dawo gindinta.

Ya zaro wayar ya danƙa wa Najiba, ya nufi lemar da gudu-gudu, rairayi yana cika masa takalmi.

“Ummi, taso. Salakta za mu.”

Mbarka ta ɗago a hankali. Ta ɗan jima tana kallonsa kafin ta ce, “Wurin dutse?”

“Wurin dutse.”

“To riƙe min sandar.”

*

Hanyar Salakta ba ta da nisa, amma ranar kamar ana jan ta. Suka tarar da motar kankana ta lalace a tsakiyar titi, suka wuce ta da ƙyar, sai ga ayarin masu kai kayan amarya suna tafe suna busa ƙaho, babu mai niyyar matsawa. Munzir ya dinga dukan sitiyari.

“Tuƙa a hankali,” in ji Najiba daga baya. “Kana firgita ta.”

Ya dubi madubi. Mbarka tana kallon itatuwan zaitun suna wucewa.

“Gonar su Hamadi,” ta ce. Can kuma, “Nan aka yi rijiya.”

“Haka ne, Ummi. Kin tuna lokacin da muke biyowa ta nan a amalanke?”

“Jakin nan mai taurin kai.”

“Shi fa!” Ya yi dariya, idanunsa suna zafi. “Ci gaba, Ummi, ba ni labarinsa.”

Ba ta ci gaba ba.

Shi ya tuna sauran. Yana yaro ƙirjinsa shaƙewa yake yi duk sanyi, numfashinsa yana fita da ƙara, har mutane suka fara yi wa Mbarka irin kallon da ake yi wa wadda za ta rasa ɗa. Duk Awusu sai ta goya shi tun duhu bai gama washewa ba, su hau amalanken maƙwabci zuwa Salakta. Ta shiga da shi ruwa da rigarta har ƙirji, ta juya wa igiyar ruwa baya, ta tsoma shi ta ɗago, ta tsoma shi ta ɗago, tana ambaton Allah. Yana jin hannuwanta suna karkarwa a haƙarƙarinsa. Duk yarintarsa ya ɗauka sanyi take ji. Sai da ya girma babansu ya gaya masa tsoro ne, ƙanenta teku ya ci tana budurwa.

Shekarar da ƙirjin ya sake shi, a gindin dutsen nan tana goge masa kai, ya ce mata, “Ummi, in na girma ni zan riƙa shigar da ke, ba zan sake ki ba.” Ta yi dariya ta ce ta riƙe maganar. Bayan rasuwar babansu, wanda shi ke riƙe ta a da, Munzir ya cika alkawarin sau biyu. Daga nan kamfani ya zo.

Bai taɓa zama ya yanke shawarar dainawa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Kowace shekara ya ɗauka wannan ɗaya ce kawai ya tsallake.

“Ummi?” ya kira ta madubi.

Shiru.

“Ummi, mun kusa. Kin ji ƙamshin teku?”

Ta gyara kwandonta a cinya, ba ta dube shi ba.

*

Salakta ta cika maƙil. Babu lemar kaba a jere a nan, zannuwan gado ne aka ɗaure a jikin sanduna, kowane gida da rumfarsa. An binne kankana a jiƙaƙƙen rairayi tana yin sanyi, tukwanen taliya a naɗe cikin tawul, wani tsoho yana hura gawayi a ƙarƙashin butar shayi. Tsofaffin mata duk sun riga sun fito daga ruwa, suna zazzaune rigunansu suna bushewa a jikinsu.

Suka riƙo Mbarka, shi a dama, Najiba a hagu. Da ƙafarta ta taɓa rairayin sai ta zame hannuwanta daga nasu, ta karɓi sandarta, ta miƙe hanya ita kaɗai. Ba ta yi kuskuren taku ko ɗaya ba. Ta ratsa rumfuna har gindin wani baƙin dutse da ruwa ke lasar ƙafarsa, ta juya, ta zauna a wani ɗan lotsi da ya yi daidai da ita, ta ɗora kwandon a cinya.

Wata mata mai jiki daga rumfar kusa ta taso tana tafa hannu.

“Hajja Mbarka! Bana kin makara, mun rasa mai riƙe mana kaya. Na ce wa maigidana ko lafiya?” Ta sunkuya ta sumbaci goshinta, sannan ta kashe wa Najiba ido. “Hajja, ɗan naki dai har yau bai samu wurin ajiye motar ba?”

Matan rumfar suka kwashe da dariya, irin ta sabo, babu mugunta a ciki.

“Cunkoso ne,” in ji Mbarka. “Yanzu zai zo.”

“Allah ya kawo shi, Hajja. Shekara nawa muna jiran mu ga wannan mota!”

Matar ta dubi Munzir sama da ƙasa, da takalminsa mai tsada da agogonsa, ta gaishe shi da ka kamar yadda ake gaida baƙo, ta koma rumfarta.

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya cire takalman ya jefar, ya cire agogon ya miƙa wa Najiba. Bai tsaya naɗe wando ba. Ya durƙusa a jiƙaƙƙen rairayi a gaban uwarsa, ya miƙa mata hannuwansa biyu.

“Ummi, na ajiye motar. Taso in shigar da ke.”

Mbarka ta dubi hannuwan. Ta dubi fuskarsa.

Sai ta kai hannu ta janyo gefen safsarinta, ta rufe bakinta da hancinta, kamar yadda take yi a gaban mazan da ba na gida ba.

“Na gode, bawan Allah,” ta ce a hankali. “Ɗana ya je ajiye mota.”

“Ummi, ni ne.”

Ta matsa baya har bayanta ya taɓa dutsen.

“Ni ne Munzir. Auta. Dube ni da kyau, Ummi!”

Ya kai hannu zai kama nata, ta fizge, ta rungume kwandon a ƙirji, idanunta suna neman mafita. Najiba ta dafa kafaɗarsa da ƙarfi.

“Kada ka matsa mata,” ta raɗa masa. “In ta firgita ihu za ta yi, yinin yau duk ya tafi.”

“To me zan yi? Faɗa min, Yaya, me zan yi?”

“Ban sani ba. In ka dage kai ne, tsoro za ta ji. In ka ce kai wani ne, ba za ta ba ka hannu ba. Ni ma ba ta ba ni ba.”

Ya sauke hannuwansa. Ruwa ya zo ya zagaye gwiwoyinsa ya koma. Ya zauna a nan dirshan, babban mutum da gemu, yana kuka a gaban mata da yara, bai damu da wanda ke kallo ba.

Kukan ne ya kwantar mata da hankali. Mbarka ba ta taɓa iya ganin mai kuka ta ƙyale ba. Ta sassauta riƙon kwandon, ta ɗan leƙo daga cikin mayafin.

“Haba, bawan Allah. Namiji da kai?”

Ya sunkuyar da kai.

“Kada ka ji haushi don na ƙi. Ba raina ka na yi ba. Alkawari ne tsakanina da yarona.” Ta gyara zama, muryarta ta ɗauki alfahari. “Kowace shekara shi ke shigar da ni. Daga Tunis yake tasowa takanas, da duk aikin da ke kansa. Bai taɓa fashi ba, ko sau ɗaya.”

Najiba ta juya baya, ta toshe bakinta da ɗankwali.

“Riƙo yake yi min kamar ƙwai,” in ji Mbarka. “Ni mai tsoron ruwa ce, amma in yana riƙe da ni ko a jikina.”

“Allah ya yi masa albarka,” Munzir ya ce da ƙyar.

“Amin, amin. Ka ga kai ma ka san magana.”

Ta buɗe kwandon ta lalubo wani ɗan tsohon tawul, wanda ya gane tun kafin ta warware shi, shuɗi mai zanen kifi, da shi take goge masa kai yana yaro. Ta miƙo masa daga nesa, da 'yan yatsu biyu.

“Ungo, share fuskarka. Amma ka dawo min da shi, na Auta ne, in ya fito daga ruwa sanyi yake ji.”

Ya karɓa. Ya kifa fuskarsa a ciki.

Ta ɗan karkata kai tana nazarinsa, mayafin ya zame daga hancinta ba ta gyara ba. Ta dubi goshinsa, ta dubi kunnuwansa, ta daɗe a kan hannuwansa.

“Ikon Allah,” ta ce. “Kamar na san hannuwan nan.”

Munzir ya ɗago. Najiba ta juyo.

Mbarka ta ajiye sandarta a kan rairayi, ta matso gaba kaɗan.

“Faɗa min gaskiya, yaro. Kai ɗan waye?”